Jujin Bayan Ɗakin Inna

A Layin Masu Banda, can gefen Yelwa ta wajen ruwa, akwai wani juji wanda babu mahalukin da ya taɓa zuba masa shara. Haka dai mutanen layin suke faɗa, kuma mutane ne da ba sa rasa sahun gaba a masallaci. Shi kaɗai ya tsiro a cikin kwarin da ruwan sama yake bi ya gangara kogi, shi kaɗai yake ƙara tsawo kowace safiya, har ta kai akuya in ta hau kansa tana iya leƙa tsakar gidan Shu'aibu ta ga abin da ake dafawa.

Shu'aibu makanike ne. Yana gyaran injin jirgin ruwa da na ban-ruwa a wata rumfa kusa da tashar jirage, shi ya sa duk layin ake ce masa Injiniya. Warin jujin bai dame shi ba, don wanda ya girma a tsakanin masu banda hancinsa ya daɗe da ajiye aiki. Ƙudaje ma an saba da juna. Abin da ya hana shi sakewa shi ne ɗakin mahaifiyarsa, Inna Tamada. Ɗakin ƙasa ne, kuma bayansa a bakin kwarin yake. Bara da damina ruwa ya taho ya tarar da hanya a toshe, ya tsaya ya taru, ya yi ta cin gindin bangon har ya bar tsagar da hannun mutum yake shiga. An liƙe ta da laka. Bana jujin ya ninka na bara, ga bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ba ya wucewa sai da hadari. Duk wanda ya kalli wurin ya san ruwa mai ƙarfi guda ɗaya ya isa ya kwantar da bangon nan a kan wadda take ciki.

Ya fara da hanya mafi sauƙi, wadda ita ce ta fi wuya.

"Inna, ki koma ɗakin siminti mana. In damina ta wuce sai ki dawo."

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma tun da ya koyi sana'a ta sami sunan da ya yi mata daɗin baki.

"Makanike, cikin wagga tanda kake son sa ni? Ni kifi ce da za ka yi banda ta?"

"Akwai fanka."

"Akwai fanka, babu wuta. Ubanka ya gina ɗakin ga da hannunsa, a ciki na haife ku duka. Ba ni zuwa ko'ina."

"In bangon ya faɗi fa, Inna?"

"Sai ka san ka yi sakaci. Kai da ke tada injin da ya kwana cikin ruwa, shara ce za ta gagare ka?"

Ya san in ya ƙara magana za ta ɗauko tarihin yayensa, don haka ya tashi.

Ya sayo fenti ja ya rubuta a jikin katanga da manyan baƙaƙe cewa Allah ya isa ga duk wanda ya zuba shara a nan. Rubutun ya yi aiki. Mutanen layin masu tsoron Allah ne, babu wanda ya sake zubawa a ƙarƙashin rubutun. Sai suka matsa gaba kaɗan, inda a ganinsu Allah ya isa ɗin ba ta kai ba, suka riƙa zubawa daidai bakin kwalbatin da ruwa yake bi ya tsallake titi. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya sa aka yi sanarwa bayan sallar la'asar, liman ya ƙara da nasiha a kan tsabta da haƙƙin maƙwabci. Kowa ya girgiza kai ya ce wallahi mutane ba su da kirki, har da waɗanda toka ba ta gama kakkaɓewa daga ƙafar wandonsu ba.

Daga nan ne ya wanke hannunsa da kananzir, ya sa rigar Juma'a, ya tafi ofishin duba-gari ya kai ƙara. Ya yi zaton za a ce ya je ya dawo, ya dawo a ce ya je ya dawo, kamar yadda aka saba. Rashin sa'arsa, ƙarar ta faɗa hannun Madam Esther, wata mace 'yar ƙasar Zuru mai kakin da ya koɗe da ƙaramin babur, wadda ta fara aiki tun zamanin da mata ke ɓoye randa in an ce ga duba-gari. Washegari da hantsi ta iso.

Ta zagaya jujin hannu a baya. Ta duba tsagar bangon, ta duba bakin kwalbatin, sannan ta bi gida-gida. Alhaji Nasiru dillalin kifi, wanda a ƙofar gidansa ake feɗe rabin kifin da ake bandawa a layin, ya karɓe ta da fara'a.

"Madam, ni hanjin kifina kogi nike kai shi. Tambayi kowa. Wanga aiki na baƙi ne, 'yan cin kasuwa."

Balaraba mai tuwo, wadda take ciyar da masunta da 'yan acaɓa tun daga asuba, ta fito tana goge hannu da zani.

"Toka? Wace toka? Ni gas nike amfani da shi, Madam."

Hayaƙin itace yana tashi daga bayanta kamar ana ƙone daji. Madam Esther ta dubi hayaƙin, ta dubi Balaraba, ta ce to madalla. Haka ta bi sauran gidajen, ba ta sami mai laifi ko ɗaya ba. Ta dawo wurin Shu'aibu, wanda yake tsaye yana jiran ya ga yadda hukuma take cin mutunci.

"Malam Shu'aibu, na tambayi kowa. Ba na kowa ba ne."

"Ƙarya suke yi, Madam!"

"Na sani. Amma ba ni da injin awon ƙarya. A ƙa'idarmu, sharar da ba ta da mai ita ta gidan da take jingine da shi ce. Wannan da katangarka take jingine."

"Ni fa na kawo ƙarar!"

"Shi ya sa ban sha wuyar gane gidan ba."

"To motar kwasar shara fa?"

"Tana nan lafiya. Kaji na yin ƙwai a cikinta." Ta hau babur ɗinta, sannan ta sassauta murya. "Ka kwashe shi, Malam. Ba don ni ba. Na ga bangon nan, kuma na ji tsohuwa tana tari a ciki."

Haka Shu'aibu ya fita neman wanda za a hukunta, ya dawo gida da juji nasa na kansa, da shaidar hukuma.

Ya rufe rumfarsa, ya aro shebur da baro. Ƙonewa ba ta yiwuwa, don ƙasan jujin ya daɗe da zama ƙasa, saman kuma in ya kama zai haɗa da rufin Inna. Ya yi ta haƙa tun safe har rana ta take, matarsa Umma tana kawo masa ruwa tana kallonsa da irin tausayin da ake yi wa wanda ya sha alwashin kwashe kogi da ludayi. Bayansa ya riƙe, hannunsa ya yi ƙanta, abin da ya ci a jikin jujin bai fi a ce ɓera ya ciji buhu ba. Maƙwabta suna wucewa suna yi masa sannu da aiki, wasu ma har da addu'a.

A cikin ramin da ya haƙa ne Magaji ya same shi. Magaji manomi ne daga wani ƙauye a kan hanyar Shanga, gero da damina, albasa da rani. Ya kai injin ban-ruwansa gyara, ya zo karɓa ya tarar da rumfa a rufe, aka kwatanta masa gidan. Ya taho da niyyar yin faɗa. Da ya tsaya a bakin ramin sai ya manta da faɗan. Ya durƙusa ya damƙi ƙasar da shebur ya buɗe, baƙa wuluk, mai laushi, tana ɗan tururi. Ya murza ta, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Injiniya, abin ga ya daɗe nan?"

"Tun ban yi furfura ba."

"Hanjin kifi. Toka. Ɓuntun shinkafa. Kashin awaki. Duk ya dahu, ya nuna." Ya sake shaƙa. "Takin zamani ya gagari talaka, kai kana zaune bisa wanga kana kuka? Na wa ne?"

"Hukuma ta ce nawa ne."

"Ka ba ni?"

Shu'aibu ya jingina da shebur ya dube shi da kyau, ko zafin rana ne ya taɓa shi. Ya ga mutumin da gaske yake.

"Na ba ka. Duniya da lahira. Kawo amalankenka yau ɗin nan."

"A'a, a'a. Ba haka ake yi ba." Magaji ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Mu ba mu ɗaukar taki kamar kayan sata. In hatsi ya yi kyau, wani sai ya tashi ya ce da ƙasar gidansu anka noma shi, albarkar ta gudu. Sai an kai goro ga mai unguwa, a faɗi gaban shaidu. In an yi girbi kuma in kawo maka damin gero, tukuicin taki."

"Ban son dami. Ban son shaidu. Magaji, don girman Allah ka kwashe kurum."

"Haka munka gada, Injiniya. Ba ni farawa da kaina."

Babu yadda Shu'aibu bai yi ba. Bayan la'asar suka zauna a zauren mai unguwa, ga ƙullin goro a tsakiya, ga mutanen layin da suka biyo sahu don su ji abin da ya kawo baƙo. Magaji mutum ne mai gaskiya, kuma gaskiyar ce ta ɓata komai. Maimakon ya ce zai taimaka ya rage wa Injiniya ƙazanta, sai ya tsaya yana yabon jujin kamar yana neman aurensa. Ya ce bai taɓa ganin taki irinsa ba tun daga Shanga har Wara. Ya ce gonar da ta sha shi za ta yi shekara uku ba ta nemi wani ba. Ya ce albasar da za ta fito a kansa sai an ɗauke ta da hannu biyu. Shu'aibu yana zaune yana kallon fuskar Alhaji Nasiru, ya ga goron da ke bakinsa ya daina motsi.

Da safe amalanken shanun Magaji suka shigo layin. Suka tarar da Alhaji Nasiru zaune a kan kujerar roba a gindin jujin, da lema a kansa. Balaraba tana gefe, hannu a ƙugu. Bayansu akwai wasu magidanta da ba a taɓa ganinsu a waje da irin wannan safiyar ba.

"Ina za ku da shanu?" in ji Alhaji.

"Takin da Injiniya ya ba ni, Alhaji. Kana zaune anka yi maganar."

"Injiniya ya ba ka abin da ba nashi ba. Mi Injiniya ke zubarwa? Baƙin mai da tsohon fulogi. Su ne za su yi maka albasa? Ƙarfin takin ga hanjin kifi ne, kuma duk layin ga an san mai kifi."

Shu'aibu ya fito da gudu, ko hula babu.

"Alhaji, ba kai ka ce kogi kake kai naka ba?"

"Kogi nike cewa a kai. In an sauke a hanya, ya tashi daga nawa?"

"Hanjin kifi ba toka ai ruɓa ce kurum," Balaraba ta katse su. "Ni nike zuba tokar da ta gyara shi. Shekara da shekaru, safe da yamma, ban taɓa fashi ba."

"Ke ba mai gas ce ba?" wani ya jefo daga baya.

"Gas ɗin na gayu ne, ranar Sallah nike kunna shi. Kai da matarka ke zuba ɓawon rogo kaɗai, har kana da bakin magana?"

Mai ɓuntun shinkafa ya fito da tasa hujjar. Mai awaki ya ce a duba tsakiyar jujin a ga aikin dabbobinsa. Wani tsoho ya ce mahaifinsa ne ya fara zuba kwando na farko a wurin, don haka tushen nasu ne. Hayaniya ta kai kunnen mai unguwa, ya taho yana jan carbi, ya saurari kowa, ya yanke hukunci irin na masu hikima: kada wanda ya taɓa jujin nan sai dattawa sun zauna sun fitar da rabon kowa. Ya ƙara da cewa shi ma gidansa ba ya rasa ɗan abin da ya shiga ciki, amma ba yanzu za a yi wannan maganar ba. Magaji ya juya shanunsa ya tafi yana cewa shi dai ya bi hanya.

Abin da ya biyo baya Shu'aibu bai taɓa mafarkinsa ba. Da can a ɓoye ake zuba shara, da sassarfa, ana waige-waige. Yanzu da rana tsaka ake zuwa, a tsaya a tara mutane.

"Ku shaida, jama'a, na ƙara kwando biyu!"

Kowa yana ƙarfafa rabonsa kafin dattawa su zauna. Dattawan kuma ba su sami zama ba, yau ɗaya ya tafi jana'iza, gobe wani ya tafi kasuwa. Jujin bai taɓa girma da sauri irin na kwanakin nan ba, kuma yanzu har da masu gadinsa. Ran da Shu'aibu ya fito da shebur don ya buɗe ko da bakin kwalbatin ne, Alhaji Nasiru ya ce masa ya ji tsoron Allah ya bar dukiyar mutane.

Gabas ta fara haɗa baƙi da yamma tana watsewa. Masu jirgin da suka taso daga Wara suka ce can an yi ruwa har an fara shuka. Shu'aibu ya zagaya bayan ɗakin ya taɓa lakar da aka liƙe tsagar da ita, ta marmashe a hannunsa. Ya shiga ciki ya sami Inna tana jiƙa goro.

"Makanike, na ji an ce mun yi arziki."

"Inna, don Allah, ko na kwana biyu ne ki koma wancan ɗakin."

"In bar dukiya ba mai tsaro?"

Dariya take yi, amma ya ga ta janye gadonta daga jikin bangon zuwa tsakiyar ɗaki. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Ya fito ya tsaya a tsakar gida yana jin muryar Balaraba daga bayan katanga tana kiran shaidu. Yana cikin saurarenta sai wani abu ya faɗo masa. Ya zaro waya.

"Madam, Shu'aibu ne na Layin Masu Banda. An sami masu jujin."

"Su nawa?"

"Layin gaba ɗaya. Har faɗa suke yi a kai."

Ya ji kamar tana murmushi.

"Ga ni nan. Kada ka bari su tuba kafin in iso."

Ta iso ta jingine babur, ta gaida mai unguwa da ladabi, ta ce ta ji an sami saɓani a kan rabo, ko za ta iya taimakawa. Mutane suka yi murna hukuma ta shigo cikin maganar. Alhaji Nasiru ya fara, ya yi bayanin hanjin kifinsa dalla-dalla. Balaraba ta karɓa. Mai ɓuntu, mai awaki, ɗan mai kwandon farko, kowa ya faɗi nasa da ƙarfin murya don kada a danne shi. Madam Esther tana gyaɗa kai, tana sa kowa ya maimaita don ta tabbatar ta ji daidai.

"To alhamdu lillahi," ta ce, da yake ta iya faɗinsa fiye da wasu masu shi. "Wancan zuwan na sha wahala ban sami kowa ba. Yau ga ku duka, kowa da bakinsa, gaban mai unguwa. Zuba shara a hanyar ruwa laifi ne na kotu."

Alhaji ya sauke lemarsa a hankali. Ana ganin lissafi yana tafiya a fuskarsa: in ya ce nasa ne, ga alƙali, in ya ce ba nasa ba ne, ga Balaraba za ta kwashe albasar da ake ɗauka da hannu biyu.

"Amma ni ba na kai mutum kotu a kan sharar da ban gani ba," ta ci gaba. "Jibi zan dawo. In na ga kwari ya buɗe, ban san an yi komai ba. Rabo kuma ba aikina ba ne. Abin da kowa ya kwasa, nasa ne."

Babu wanda ya motsa. Sai aka ji ƙarar bokiti. Balaraba ce, ta riga ta kai tsakiyar jujin, inda ƙasar ta fi baƙi.

"Ke! Nan ne wajen hanjina!" Alhaji ya yi ihu, ya juya yana kiran ma'aikatansa su bar kifin su kawo kwanduna. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya sanar cewa ya janye dokar hana taɓawa, ɗaya hannun kuma yana kan waya yana neman mai amalanke.

Shu'aibu ya koma gefe ya zauna a kan baronsa. Mutanen da suka yi masa sannu da aiki ba tare da sun taɓa shebur ba, yau ga su tsirara daga ƙugu zuwa sama, suna haƙa kamar an ce akwai zinariya a ƙasa. Baro, kwando, buhu, daro, har da tsohon kwalekwale da aka ɗora a kan kura. An yi zage-zage, an yi ture-ture, wani ya rasa takalmi. Da rana ta yi ne yawancinsu suka tuna ba su da gona. Sai aka aika a kira Magaji. Ya dawo da shanunsa, ya karɓi tarin kowa a kan alkawarin gero in an yi girbi. Damin da zai ba mutum ɗaya ya zama na gida goma sha wani abu. Ya yi ta gunaguni yana lodi, amma bai bar ko kwando ɗaya ba.

Ranar da Madam Esther ta dawo, taki ya tafi. Sai dai masu kwasa sun yi tankaɗe. Duk ledar da ta shiga jujin nan tun farkonsa, da robobin ruwa, da tsummokara, da yagaggun takalma, an tsince su an watsar a cikin kwarin. Tarin bai kai rabin na da ba, amma shi ne irin wanda ruwa yake ɗauka ya kai bakin kwalbati ya cusa. Ta tambayi ko na wa ne. Ledar ta tashi marainiya. Alhaji ya ce shi da ganye yake naɗe kifi.

"Wannan kam taka ce, Malam Shu'aibu," ta ce, har da ɗan jin kunya. Ta kwatanta masa tsohon ramin tsakuwa da hukuma ta ware don zuba shara, can bayan makarantar firamare. Kowa a layin ya san ramin. Laifinsa ɗaya, sai an yi tafiya.

Shi da Umma suka shiga cusa leda a tsofaffin buhunan kifi. Magaji ya ba shi aron amalanke ɗaya, bisa sharaɗin injinsa ya tashi kafin Juma'a. Sun yi sawu, sun yi sawu, saura wajen bakin kwalbatin kaɗai, sai iska ta juyo bayan azahar. Gari ya yi duhu, kwanon rufi ya fara ƙara, awaki suka ruga zaure. Kafin shanun su dawo daga sawun ƙarshe ruwa ya sauko, irin wanda ba ya fara da yayyafi.

Shu'aibu ya ga ruwan unguwa yana gangarowa cikin kwarin, ja, da kumfa. Ruwan ya wuce bayan ɗakin Inna da gudu, ya kwashi ragowar ledar ya kai bakin kwalbatin, ya tsaya. Sannan ya fara dawowa baya.

Ya ɗauki manjagara ya faɗa ciki. Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Yana jawo leda yana jefawa kan titi, wata tana maye gurbinta. Ya waiga ya ga ruwan ya kusa taɓa gindin bangon. Alhaji Nasiru yana tsaye a bakin zaurensa, inda babu ɗigo, yana ba da shawara da ƙarfi.

"Hagu, Injiniya! Ta hagu za ka bi!"

Manjagarar ta kama wani abu mai nauyi a ƙasa. Ya ja, bai zo ba. Ya sunkuya har ruwa ya shafi haɓarsa, ya laluba, ya ji tsohuwar ragar kamun kifi ce ta naɗe a bakin kwalbatin ta riƙe komai. Umma ta jefo masa igiyar guga. Ya ɗaura, ya fito, suka ja su biyu, ƙafafunsu na zamewa a laka. Sai ga Balaraba ta fito da buhu a ka, ta kama igiyar tana faɗin in ruwan nan ya taru murhunta zai fara ci. Suka ja tare. Ragar ta taho gaba ɗaya da kayanta, suka zube a ƙasa su ukun.

Kwalbatin ya yi wata irin gyatsa. Ruwan ya juya, ya nutsa ciki da ƙugi, ya fita ta ɗaya gefen titi ya nufi kogi. Shu'aibu yana zaune a cikin laka yana kallon ruwan yana sauka, daga inda ya kai a jikin kwarin zuwa ƙasa, har ya zama ɗan rafi mai gudu a tsakiya, ya bar tazarar kamu biyu tsakaninsa da bangon. Ruwan sama yana dukan bayansa, bai ji ba. Ya daɗe a haka. Sai da Umma ta taɓa kafaɗarsa sannan ya miƙe, ya zagaya ya shiga gida.

Ya ɗaga labulen ɗakin ya shiga ba tare da sallama ba. Ya wuce kai tsaye ya dafa bangon da tafin hannu, sama da ƙasa, har gindi. A bushe yake, da ɗumin rana a jikinsa. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya tsuguna a wurin.

Inna Tamada tana kan gado, ta lulluɓe ƙafa da zani. Ta dube shi daga kai har ƙafa, ta dubi tabkin da yake taruwa a ƙarƙashinsa.

"Makanike."

"Na'am, Inna."

"Tashi ka fita ka sake tufa. Kana jiƙa mini daɓe."